Sana'ar toshe wa yanyawa hanya a unguwannin Landan

A watan Janairu wayar kamfaninmu ba ta hutawa. Lokacin barbarar yanyawa ke nan a Ingila, kuma tana da wani irin ihu na tsakar dare wanda duk baƙon da ya fara jinsa zai rantse mutum ake shaƙewa a bayan gidansa. Wasu ma 'yan sanda suke fara kira kafin su neme mu. Ni da yarana biyu da motar aiki ɗaya muke zagaya kudu maso gabashin Landan, daga Lewisham zuwa Woolwich har Bromley, muna raba mutane da namun dajin da suka tare musu a gida: yanyawa a ƙarƙashin ɗakin ajiyar tarkace na bayan gida, kurege a saman silin, tantabaru a ƙarƙashin faifan sola. Amma mafi yawan abincinmu a wajen yanyawa yake.

Ta nan ba irin 'yar ƙaramar nan mai manyan kunnuwa ta bakin Sahara ba ce. Ja ce, mai dogon baki da jela bujuju, nauyinta bai cika wuce kilo 5 zuwa 7 ba, ko da yake gashin hunturu kan sa a ga kamar ta fi haka. Tun wajen shekarun 1930 ta fara shigowa biranen Ingila, lokacin da aka yi ta gina sababbin unguwanni masu faffaɗan lambu a bayan kowane gida. Gefen layin dogo da maƙabartu da filayen makarantu su ne hanyoyinta. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne akwai kimanin 10,000 a Landan kaɗai, kuma wani bincike na jami'o'in Brighton da Reading da aka fitar a 2017 ya ce ana samun kusan 18 a kowace murabba'in kilomita ta birnin. A 2011 har hawa na 72 na dogon benen nan na Shard aka tarar da wata, lokacin ana kan gininsa, tana rayuwa da ragowar abincin leburori.

Kusan duk wanda ya kira ni abu ɗaya yake so: a kashe ta. Wata dattijuwa 'yar ƙasarmu da ke kiwon kaji huɗu a bayan gidanta, bayan an yi mata ɓarna a dare ɗaya, ta tare ni tun daga bakin ƙofa.

"Ɗana, ba doguwar magana nake so ba. Ka zuba mata guba a nama kowa ya huta."

"Hajiya, Allah ya huci zuciyarki. Guba a ƙasar nan laifi ne, ni da ke duka za a kama. Kuma ko na kashe wannan, kafin sati ya zagayo wata ta maye gurbinta. Ki bar ni in gyara akurkin."

Ba kaucewa nake yi ba, gaskiyar ke nan. Babu wata guba da doka ta yarda a sa wa yanyawa a Birtaniya, haka ma tura mata hayaƙi mai guba a rami. Dokar kare namun daji ta 1996 ta hana azabtar da su, ta 2004 kuma ta hana farautarsu da karnuka. Harbi bai haramta ba ga mai lasisin bindiga, kuma akwai kamfanonin da ke sa tarko su kama su harbe. Sukan karɓe mini kwastomomi, domin mai gida yana ganin gawa ya ji an yi aiki. Sai dai kowane iyalin yanyawa yana da yankinsa, lambuna masu yawa da yake zagayawa yana yi musu alama da fitsari da kashi. Ranar da warin mai yankin ya gushe, na maƙwabta sun sani, sai su shigo. Hukumomi sun shafe shekaru suna kashe su a unguwannin Landan bayan yaƙin duniya na biyu, adadin bai ragu ba, daga baya suka haƙura. Abin da ya taɓa karya su da gaske cuta ce: ƙazuwar da ta ɓarke a Bristol a 1994 ta kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na yanyawar birnin cikin shekara biyu, kamar yadda Farfesa Stephen Harris da abokan aikinsa suka bibiya. Duk da haka a hankali suka dawo. Abin da annoba ba ta gama da shi ba, bindigar mutum ɗaya ba za ta gama da shi ba, kuɗin mai gida ne kawai za su yi ta tafiya duk shekara.

Don haka ni gida nake gyarawa. Idan na isa, hancina ne ke fara aiki, domin warin yanyawa ba ya ɓuya, wani irin ƙarni ne mai kama maƙogwaro. Sai in durƙusa in bi gindin shinge da hannu, ina neman inda ƙasa ta yi santsi saboda yawan wucewa, ko inda jan gashi ya maƙale a tsagin katako. Ramin da bai wuce faɗin tafin hannu ba ya ishe ta kurɗawa, shinge mai tsawon mita biyu kuwa haurawa take yi. A bakin rami za ka ga shaida: fukafukan tantabara, ƙashin kaza, ledar burodi, ƙwallon yara da aka tattauna, wani lokaci takalmi wari ɗaya. Kafin in taɓa komai sai na tabbatar ko akwai mai ciki. Nakan cusa tsohuwar jarida a bakin ramin sakwa-sakwa, in barbaɗa yashi a gabansa, in ɗaura kyamara mai ɗaukar hoto da dare a jikin itace. Idan aka kwana biyu ko uku jarida na nan yadda na bar ta, yashi babu sawu, to babu kowa. Idan an ture ta, akwai magana.

Aikin kansa na diga da shebur ne. Mukan haƙa kwalbati kewaye da ɗakin, zurfin kamar santimita 30, mu kafa ragar waya mai kauri wadda aka yi wa walda, ba irin siririyar nan ta akurkin kaji ba, domin wannan da haƙori take tsinka ta. Sirrin yana wajen lanƙwasa: ƙasan ragar sai an karya shi ya kwanta waje a cikin kwalbatin kafin a mayar da ƙasa. Yanyawa kullum a gindin bango take fara tono. Tana tonawa sai ta ci karo da waya a kwance, kuma ba ta yin dabarar ja da baya ta fara daga nesa. Mukan bar kafa ɗaya mu sa mata 'yar ƙofa mai buɗewa waje kawai, wadda ta fita ba ta komawa. Bayan kwanaki, idan kyamara ta nuna wurin ya zama kango, mu cire ƙofar mu rufe. A lambunan yankinmu ƙasar yumɓu ce, da hunturu tana kama shebur, da rani kuma ta bushe ta yi tauri, ga saiwoyin itace. Yarana sun san ba a gajarta zurfin don gajiya, domin taƙi ɗaya da aka bari nan za ta samu.

Akwai lokacin da ba na rufe rami ko nawa za a biya ni, daga Maris zuwa wajen Yuni. Yanyawa tana ɗaukar ciki kwana 52 ko kusa da haka, ta haihu a Maris, yawanci 'ya'ya huɗu ko biyar, makafi, baƙi-baƙi, ba sa leƙo waje sai ƙarshen Afrilu. Wanda ya toshe rami a wannan tsakanin ya binne su da rai. Uwar za ta kwana tana tono har faratanta su yi jini, 'ya'yan su mutu da yunwa a ƙarƙashin katako, bayan sati mai gida ya kasa zama a lambunsa saboda ɗoyi da ƙudaje. An sha kirana in kwashe irin wannan bayan wani mai gaggawa ya yi aikinsa ya karɓi kuɗinsa, kuma babu aikin da ke ɓata mini rai kamarsa. Tun muna yara aka karantar da mu hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Ban ga bambanci ba. Abin da nake gaya wa mai gida shi ne ya yi haƙurin 'yan makonni. Idan kuwa ramin yana inda ba za a iya jira ba, kamar filin wasan makarantar yara, mukan dame ta da motsi da warin maganin kora da hukuma ta amince da shi, har ta kwashe 'ya'yanta da kanta ɗaya bayan ɗaya a baki, domin kusan kullum tana da wani ramin na ko-ta-kwana.

Raga kaɗai ba ta isa idan abinci na nan. Rabin aikina magana ce. Kwandon shara a rufe shi, ledar shara kada ta kwana a ƙasa. Takin lambu da ake haɗawa da garin ƙashi da jini da kifi yana sa ta tone fulawa tana neman gawar da babu. A gidajen mutanenmu kuma akwai namu na musamman: ƙasusuwan gashin nama da aka bari bayan taron suna, naman layya da aka shanya a waje, da takalman da muke tuɓewa a bakin ƙofa. Fata da warin ƙafa suna jan 'ya'yan yanyawa ƙwarai, shi ya sa nake cewa a sa akwati mai murfi. Mafi wuya shi ne maƙwabci mai ciyarwa. Sau da yawa tsohuwa ce Baturiya mai zaman kaɗaici, wadda ta raɗa wa yanyawar suna, take ajiye mata abinci kowane dare. Doka ba ta hana ta ba, kuma ba na raina abin da dabbar take a wajenta. Nakan ƙwanƙwasa mata ƙofa da ladabi in roƙe ta abu biyu: ta rage yawan abincin, kuma kada ta ba ta a hannu ko ta saba mata da shiga ɗaki. Yanyawar da ta daina tsoron mutum ita ce ke jawo wa sauran bala'i.

Iyaye kan tambaye ni ko tana cin yara, kuma ba na yi musu wasa da tambayar. A 2010 wata ta shiga wani gida a Hackney ta ciji jarirai tagwaye a gadonsu, a 2013 kuma aka ciji wani jariri a hannu a kudu maso gabashin birnin nan. Abin ya faru, amma da wuya yake faruwa, cizon karnukan gida ya fi shi yawa nesa ba kusa ba. Ciwon haukar kare kuwa an kawar da shi daga dabbobin Birtaniya tun 1922, in ban da jemagu. Abin da na fi jan kunne a kai shi ne kashinta, wanda ke iya ɗauke da ƙwan tsutsar ciki: a sa safar hannu a kwashe kafin yara su fita wasa, kuma da zafi kada a bar ƙofar baya a buɗe bayan magariba.

Sauran dabbobin kowace da dokarta. Kurege mai ruwan toka, wanda aka kawo daga Amurka ta Arewa a 1876, yana tattauna wayar lantarki a saman silin, kuma tun ƙarshen 2019 wanda ya kama shi a tarko ba shi da izinin sakinsa. Shi ya sa na fi son in kore shi ya fita da ƙafarsa in toshe kafar. Jemage kuwa, da na haska tocila na ga kashinsa a saman silin, sai in sauko daga tsani in tattara kayana, domin dokar 1981 ta kare shi da makwancinsa, sai masu lasisi na musamman.

Kwastomomina yawanci daga bakin wani suke jin labarina, a masallaci ko a zauren WhatsApp na unguwa, kuma ina ba da garantin shekara a kan kowace raga da muka binne. Wanda ke son aiki mai kyau da sauƙin kuɗi ya neme mu tsakanin Satumba da Nuwamba. Lokacin 'ya'yan bana sun girma sun watse neman yankinsu, ramuka babu kowa, ƙasa ta yi laushi da ruwa amma sanyi bai kama ta ba, mukan gama gida ɗaya cikin yini.