Fenti huɗu a jikin Fijon Baba

Shekara 11 motar nan ta yi a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu a Yelwa, nan Garwa. Tayoyinta sun nutse a ƙasa, awaki na kwana a ƙarƙashinta. Fijo 504 ce ƙirar 1978, irin wadda ta yi jigilar iyayenmu zuwa Marwa da Ngaundare kafin Toyota ta cika gari. Bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, masu sayen tsohon ƙarfe sun zo taya ta sau uku, kuma duk lokacin Kawu, ƙanen Inna, shi ne kan gaba wajen cewa a sallama musu a huta. Ni na ce a bar mini ita.

Injin bai wahalar da ni ba. An daɗe ana haɗa 504 a Kaduna, har bayan shekara ta 2000, saboda haka duk abin da ya ɓace ana samo shi ta Mubi ko Yola. Fenti ne na ɗauka wasa. Niyyata in goge saman da sanfefa, in ari injin feshi, kwana uku in gama. Na je wurin wani dattijon tolye, wanda mutanen tsallaken iyaka ke kira fanabita, don ya ara mini injin. Bai ba ni ba, sai ya ce in kai shi ya ga motar. Ya zo da mayen ƙarfen da ya ciro daga tsohuwar lasifika, ya naɗe shi a tsumma, ya riƙa bin jikin motar da shi. A rufi ya kama, a murfin inji ya kama. Da ya iso ƙofar direba sai abin ya zame ya faɗi ƙasa.

"Ɗana, nan babu ƙarfe kusa," in ji shi. "Mastik ne, ƙullin da ake cike lotsawar mota da shi, kuma mai kauri."

Sannan ya sa makulli ya karce gefen but a karkace, kamar mai fere rogo, ya nuna mini. Fari a sama, rawaya a ƙarƙashinsa, sai shuɗi, can ƙasa kuma wani ruwan madara wanda ban taɓa ganin motar da shi ba. Ya ce farin nan da ya tsattsage kamar fadama da rani ba ya riƙe kansa, balle ya riƙe wani. Duk abin da na fesa a kai, rana ɗaya ta Afrilu za ta ɗago shi. Na ce, "Baba, to yaya za a yi?" Ya ce a kankare har ƙarfe, amma gaɓa gaɓa. Kashin farko na maganar na ji, na biyun ya shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu.

Na fara da ruwan cire fenti, wanda ake kira dekafan a shagunan kayan gini. Ranar farko na shafa shi a rufi da hantsi, na shiga gida shan ruwa, na fito na tarar ya bushe ƙayau, fentin ko gezau. Na zargi mai shago, ashe laifina ne. Da na karanta jikin gwangwanin na ga sinadarin dichlorométhane ne a ciki, shi kuwa tafasa yake a wajen digiri 40. A Garwa, a watan Afrilu, inuwa ma takan kai haka, ina ga ƙarfen da ya sha rana. Na koma yin aikin bayan sallar asuba: in shafa da kauri, buroshi ya tafi gefe ɗaya ba kai da komo ba, in rufe da leda don kada ya tsere, in jira kamar minti ashirin. In ka ɗaga ledar sai ka ga fentin ya yamutse kamar fatar kazar da aka zuba wa ruwan zafi. Da abin kankara za ka tura shi, ya naɗe ya zubo. Fari da rawaya sukan tafi a shafa ɗaya, shuɗi sai an maimaita. Ruwan madaran nan na kamfani kuwa, wanda aka gasa a tanda tun a Faransa, sai da na haɗa masa da sanfefa. Na ji kunyar cire shi, don ya fi duk na samansa lafiya.

Ruwan nan ba abin wasa ba ne. Ƙasashen Turai sun hana sayar wa jama'a irinsa fiye da shekara goma da suka wuce, Amurka ma ta bi a 2019, domin tururinsa in ya shiga jiki yana rikiɗa ya zama gubar da ke cikin hayaƙin gawayi. A fili nake aiki, iska na kaɗawa, duk da haka ranar da na sunkuya a cikin but kaina ya yi ta sarawa har la'asar. Ɗigo ɗaya ya sauka a wuyan hannuna, sai da na yi rawar da ban shirya ba. Tolye ya kuma gargaɗe ni in liƙe duk wata tsaga da mahaɗar ƙarfe da salatif kafin in shafa, saboda in ya shige ciki ba ya wankuwa, sai bayan wata da watanni ya tsattsafo ya ɓata sabon fenti daga ƙasa.

Rawayar ce ta fi tsaya mini a rai. Ina tune da ita, ina firamare lokacin. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kasuwar yadin Baba ta tsaya cik, ya fesa wa motar rawaya ya ba direba yana tasi cikin gari. Mu yara haushi muke ji, don an daina kai mu ganin jirage. Yanzu da nake kankare ta na gane da gaggawa aka yi: ko hannun ƙofa ba a cire ba, fentin ya hau kan robar gilashi. Kuma tsohon fentin mota mai launin rawaya ko ja yakan ƙunshi dalma. Wanda ya ji labarin ƙauyukan Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara, ba zai bar ƙurar nan ta tashi a tsakar gida ba. Na shimfiɗa buhuna a ƙasa, kullum in tattara ɓawon in ƙulle a leda, na kori yara da awaki, kayan aikina kuma ba sa shiga ɗaki. Uwargida ta ce tunda na ƙi sauraron kowa, to ni zan riƙa wanke su.

A mako na uku haƙuri ya ƙare mini. Na ari giranda na sa mata faifai mai kaushi na hau murfin inji. Aiki ya yi gudu, ina ta murna, na tsaya a wuri ɗaya ina dannawa har ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi. Da ya huce sai tsakiyar ta lotsa, in ka danna ta yi ƙas ta shiga, ka saki ta yi ƙas ta fito, kamar murfin gwangwanin madara. Shimfiɗaɗɗen ƙarfe siriri ba ya son zafi. Kwana biyu dattijon nan ya yi yana lallashin wurin da guduma, bai ce mini uffan ba, wanda ya fi zagi ciwo. Daga nan na koma sanfefa mai lamba 80 don cirewa, 180 don share zanen da ta bari, hannu na yawo ba ya tsayawa. Dama a watannin da ruwan madatsar Lagdo, inda muke samun lantarki, ya ja baya wuta ba ta zama, sai hannun ya fi injin amfani.

Babban kuskuren shi ne wancan na gaɓa gaɓa. Na tuɓe gefen dama gaba ɗaya, ƙofofi biyu da fikafikan saman tayoyi, na bar shi tsirara yana ƙyalli, ina jiran ƙarshen wata in sayi fentin ƙasa mai hana tsatsa. Ina ganin ai busasshen gari muke, ba Duwala ba. Daren nan hadarin farko ya taso daga gabas. Ba wani ruwan kirki aka yi ba, ƙura ce da yayyafi, amma da gari ya waye gefen motar ya yi ja kamar an barbaɗa garin barkono, har shatin tafin hannuna ya fito ɓaro-ɓaro a inda na dafa. Aikin kwana tara ya koma baya. Tun daga ranar, abin da zan iya rufewa kafin magariba shi nake buɗewa da safe: in kankare ƙofa ɗaya, in goge ta da diluwan, ruwan da ake tsinka fenti da shi, da tsumma mai tsabta, in fesa mata fentin ƙasa, sannan in taɓa ta gaba.

Ƙofar direba na bari ƙarshe. Mastik yana tsotse dekafan, saboda haka duk inda ya taɓa sai an fitar da shi duka. Na yi ta haƙa, kaurinsa ya kai faɗin ɗan yatsa, a ƙarƙashi kuma ƙarfen ya lauye, ga ramukan da aka huda aka jawo shi da ƙugiya. Abin da ya ɗaure mini kai, mastik ɗin yana kan ruwan madara ne, shuɗi ya rufe shi. Wato tun motar tana sabuwa aka yi karon, kafin a haife ni, kuma ban taɓa jin an ambata ba.

Na kira Inna ta gani. Ta daɗe tana kallo, sannan ta yi dariya har da riƙe haɓa. Ta ce wata Lahadi ce Kawu, yana saurayi, ya ɗauki makulli ba izini zai je kasuwar Pitowa ya burge wata yarinya, ya haɗu da amalanken shanu a hanya. Baba bai gaya wa kowa ba, don kada surukinsa ya kori Kawu daga gida. Ya kai ta gareji, ya sa aka fesa wa motar duka shuɗi, ya ce wa mutane launin farko ne ya gundure shi.

"Kada ka ce ni na faɗa maka," in ji ta.

Yanzu motar tana rumfa, toka-toka daga gaba har baya, tana jiran damina ta ɗauke. Tsakanin ƙarshen ruwa a Oktoba da saukar ƙurar hunturu akwai 'yan makonni da iska ke da tsabta, a nan zan yi feshin. Cikin murfin but ne kaɗai ban taɓa ba, don rana ba ta ci launin wurin ba, shi zan kwance in kai wa mai haɗa fenti ya kwaikwayi ruwan madaran. Jiya Kawu ya biyo, ya zagaya motar, ya tsaya a ƙofar direba yana shafa ta da tafin hannu. Na ce, "Kawu, ka ga wani abu ne?" Ya ce a'a, aiki dai ya yi kyau, ya tambaye ni ko an yi kiran la'asar.