Alhamdu lillahi, an sauke nauyi

Jiya na kare kundin digirina na biyu a sashen falsafa na Jami'ar Abdou Moumouni, kuma malamai sun karɓa. Har yanzu jikina bai dawo daidai ba. Kun san yadda aka sha fama, ba sai na maimaita ba.

Abu guda ne ya tsaya mini a rai. Na gama bayani a kan John Dewey, masanin Amurka da ya mayar wa ɗan jarida Walter Lippmann, mai ra'ayin a bar wa ƙwararru yanke shawara, martani a 1927. Dewey yana cewa ƙwararru kaɗai ba za su iya yanke wa jama'a shawara mai kyau ba, don mai takalmi ne ya san inda yake matse shi. Mu mukan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Falsafar su Dewey ta "mu gani a ƙasa" ce: ana auna ra'ayi da abin da ya haifar. Sai shugaban alƙalan kundin ya cire tabarau ya ce, "To, a 2005 zaɓaɓɓiyar gwamnati muke da ita, kuma yunwa ta ci mutane a Tawa da Maraɗi. Ina shawarar kirkin da ƙuri'a ta haifar?"

Wallahi bakina ya bushe. Na waiga, sai ga Inna a kujerar baya, ba ta jin Faransanci ko kalma ɗaya, tana jan carbi. Ita ce ta riƙa jiƙa mana anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci da ake ci lokacin yunwa, a waccan shekarar, bayan fari da fara sun cinye hatsin 2004. Da na ga fuskarta amsa ta zo. Na ce Dewey bai yi alkawarin jama'a ba za su yi kuskure ba. Abin da ya dogara da shi shi ne mai kuka ya samu bakin magana har a gyara, kuma an daɗe kafin a ji kukan, kafin a fara rabon abinci kyauta. Na ƙara da cewa kyan shawara kaɗai bai isa hujja ba a ganina, don ko da wani gwani zai fi mu iya zaɓa, matar da ta jiƙa anzar tana da haƙƙin a tambaye ta.

Inna, Allah ya saka miki da Aljanna Firdausi. Gwaggo, na san ba kya son a ambace ki, amma akuyar da kika sayar aka buga kundin nan ba za ta ɓoyu ba. Malamina, Allah ya ƙara daraja, ya raya zuri'a. 'Yan fadarmu na Harobanda da suka yi ta dafa mini shayi har asuba, Allah ya biya ku.

Akwai 'yan'uwan da ke nan Yamai, gada kawai za su ƙetare, ba su zo ba, alhali tsohuwa ta wuni a mota daga Tawa. Na yafe, amma na ji ciwo.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa. Jibi in sha Allahu zan raka Inna gida.