Takardar rifara kaɗai ba ta kai mutum wajen likita

Ni nas ce a imajensi na wani asibiti a nan Kano. Da farkon aikina in aka kawo mai taɓin hankali cikin dare, wani ma a ɗaure da igiya, likita zai rubuta allura, haloperidol ko diazepam, ya samu barci, da safe mu miƙa wa ƴan uwa takarda mu ce ku kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano, shi ke nan a ganinmu mun fita haƙƙinsa.

Wani saurayi ne ya sa na canza. Sau uku ana kawo shi cikin wata biyar, na ukun fiya-fiya ya sha, Allah dai ya yi da sauran kwana. Na ja mahaifiyarsa gefe na ce Mama takardun da muka ba ku fa? Ta kwance bakin zaninta ta ciro min su duk biyun a ninke. Ta ce ƴata ni ban iya karatu ba, kuma babansa ya rantse ɗansa ba zai je Dawanau ba, a ce gidansu akwai hauka alhali ƙannensa mata ba su yi aure ba. Wallahi ranar na kasa cin abinci.

Yanzu ba na barinsu su fita sai na karɓi lambar mutum biyu, kuma dole ɗaya ya zama wanda ke yanke magana a gidan, don in ka gamsar da uwa ka bar uba aikin banza ka yi. Muna tsayar da rana, wa zai raka shi, kuɗin mota daga ina zai fito. Bayan kwana uku in kira da katina, saboda makonnin farko bayan sallama su ne mafi haɗari ga wanda ya taɓa yunƙurin kashe kansa.

Abin da ya fi korar mutane kuma illar magani ce. Wuya ya sandare, harshe ya yi nauyi, miyau na dalala, sai gida su ce iska ce ta tashi maganin asibiti ya tsokano ta, a zubar da ƙwayoyin. Nakan gaya musu tun kafin ya faru, in kun ga haka ku dawo, akwai wani magani, Artane, da ke warware shi, ko likita ya rage maganin. Ruƙiyya kuwa ban taɓa hana kowa ba, cewa nake a yi addu'a a sha magani. Wanda ba ya yarda ya haɗiyi ƙwaya kullum a tambayar masa allurar wata-wata.

Shi saurayin sai da na kira kawunsa sau huɗu kafin uban ya sauko. Da kawun suka je kilinik, ranar wata Talata.