Shi ba ya shiga, ita ba ta fita: labaran da muke bugawa a Gusau

Sana'ata littafi ce. Ina da ɗan shago a Gusau inda nake sayar da littattafan hikaya da ba da hayarsu, a ɗakin baya kuma akwai kwamfuta da muke shirya rubutun marubuta kafin mu aika Kano a buga. Ma'aikatan ba su da yawa. Akwai ƙanena da ke kula da kwamfuta da lissafi, akwai yarinyar da ke zama a kanta, sai wata dattijuwa da nake kira Inna wadda ke shiga gidaje da jakar littattafai, ta kai sabo ta karɓo tsoho tare da kuɗin haya. Yawancin masu karatuna mata ne: matan aure na Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, da ɗaliban kwalejin ilimi ta mata da ke nan garin, da malaman asibiti masu aikin dare.

Na fara da abin da kowa ya fara da shi, wato littattafan soyayya na Kano, masu fitowa kashi-kashi, na ɗaya zuwa na uku ko na huɗu. Sun ciyar da ni, ba zan taɓa raina su ba. Sai dai kasuwar ta juya. Waya ta shigo, marubuta suka koma sakin labari shafi-shafi a WhatsApp, mai so ta tura kuɗi a saka ta a zaure, wasu kuma suna sauraren labarin a YouTube suna aikin gida. Takarda ta yi tsada ta yadda littafin da bai da abin da zai sa a ajiye shi a sake karantawa ba ya mayar da kuɗin bugunsa. Dole na zauna na tambayi kaina wane irin labari ne mace za ta yarda ta biya ta mallaka a hannu.

Amsar ta zo daga ɗalibai masu karanta littattafan Turanci. Sun riƙa ba ni labarin wani nau'i da Turawa ke rubutawa da yawa, wanda ke haɗa abu uku: zamanin da, soyayya, da binciken laifi. Galibi ana gina shi a Ingila, musamman zamanin Sarauniya Victoria da ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, lokacin da aikin 'yan sanda yake sabo a Landan, don a 1829 aka kafa rundunar birnin, sashen masu bincike kuma sai a 1842. A cikin irin labarin za ka tarar da namiji da mace waɗanda ba sa ga maciji da juna, amma wani kisa ko wata ɓata ta tilasta musu aiki tare. Shi yana ganin tana yi masa katsalandan, ita tana ganin ya cika girman kai. Kafin a gano mai laifi zuciya ta riga ta karkata.

Da na saurara da kyau sai na ga marubucin Ingila yana shan wahala wajen ƙirƙiro dalilin da zai sa waɗannan biyun su buƙaci juna. Mu kuwa dalilin yana nan a ginin gidajenmu. Dogari ko ɗan doka, komai ƙarfin ikonsa, iyakarsa zaure. Ba ya wuce nan ya ga ɗakin da aka yi abin, ba ya jin abin da kishiyoyi ke faɗa a bakin murhu, bai san wadda ta sayar da awarwaronta a ɓoye ba. Macen da ke ciki ta san duk wannan, amma ba ta zuwa kasuwa ta tambayi fatoma wane baƙo ya kwana a masaukinsa, ba ta bin sawu zuwa bakin gulbi. Kowannensu rabin gaskiya ke hannunsa. Ga kunya, ga tsoron bakin mutane, ga rashin yarda. Ban ga abin da ya fi wannan dacewa da labarin mutum biyu da aka haɗa ba da son ransu ba.

Littafin da ke kan kwamfutarmu yanzu wata malamar makaranta ce ta rubuta shi, kuma a Ƙaura Namoda ta gina shi, 'yan shekaru bayan jirgin ƙasa ya iso garin a 1929. Lokaci ne da ya dace da labarin laifi, domin nan layin dogo ya ƙare, gyaɗa da auduga da fata suna taruwa, baƙi suna sauka daga ko'ina, kuɗin ƙarfe na yawo a hannun mutanen da iyayensu da wuri suka yi ciniki. An tsinci gawar wani mai awon gyaɗa, ana zargin ƙanen amaryarsa. Amaryar tana cikin takaba. Ɗan dokan da aka ba aikin kuwa shi ne ya taɓa kama mahaifinta kan haraji, don haka ko muryarsa ba ta son ji. Ta bayan zana suke magana, wata yarinya mai tallar ƙosai ce ke kai saƙo tsakaninsu.

Abin da ya sa na karɓi rubutun tun kafin in kai ƙarshensa shi ne takabar. Wata huɗu da kwana goma ne, kuma shari'a ta hana a fito fili a nemi auren mai takaba. Marubuciyar ta mayar da wannan wa'adin ya zama igiyar da ta ɗaure labarin duka. Kowane babi kwanaki na raguwa, ranar da alkali zai yanke hukunci na matsowa, shi kuma ɗan dokan ga magana a bakinsa babu halin faɗa. Babu inda hannu ya taɓa hannu a littafin nan, amma Inna da aka karanta mata babi biyar ta hana yarinyar kantar tashi sai da ta ƙara mata na shida. Ni a ganina soyayyar da ake riƙewa ta fi wadda ake zubarwa a shafi zafi, kuma ita ce uwa za ta bari 'yarta ta karanta ba tare da fargaba ba.

Aikina na gaske a kan irin wannan rubutu shi ne tace zamani. Marubutanmu sun iya zuciya, amma da yawa suna ɗaukar rayuwar yau su sa mata rawani su ce tarihi ne. Nakan zauna da jan biro ina bin layi-layi. Idan na ga naira na soke, domin sai 1973 ta zo. A Ƙaura ta wancan lokaci fam ne da sule da sisi da taro da kwabo da anini, sule ashirin fam guda, kwabo goma sha biyu sule guda, kuma dole lissafin kuɗin da aka sace ya fita daidai a kan haka, don akwai tsofaffin da jikoki ke karanta musu, za su kama kuskuren nan take. Idan wani ya buɗe Gaskiya Ta Fi Kwabo a labarin da ke faruwa a 1932 na soke, jaridar sai 1939 ta fara fitowa. Idan aka ce su haɗu ƙarfe huɗu na mayar da shi bayan la'asar. Babu Jihar Zamfara a lokacin, sai 1996 aka yi ta, ƙasar nan duka a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato take, babbar shari'a can ake kai ta. Sarautu ma ina dubawa, don na Ƙaura Sarkin Kiyawa ne, na Gusau kuma Sarkin Katsina, kuma mutanen garuruwan nan ba sa yafe wa wanda ya musanya.

Inda muka fi daɗewa muna ja-in-ja da marubuciyar shi ne binciken kansa. A rubutunta na farko ɗan dokan yana aiki kamar ɗan sandan fim, yana tattara alamu yana warware komai da kansa a gaban jama'a. Na ce mata, "Malama, wa zai saurare shi?" A gaban alkali na wancan zamani magana ta shaidu ce, da ikirari, da rantsuwa. A mazhabar Malikiyya, idan an yi kisa aka sami alama mai ƙarfi amma shaidu ba su cika ba, akwai ƙasama, wato rantsuwa hamsin da mazan dangin mamaci za su yi cewa wane ne ya kashe. Ta yi shiru, ta ce, "Hajiya, ai wannan ya fi abin da na rubuta ban tsoro." Ta koma ta sake kashi na biyu gaba ɗaya. Yanzu abin da ke gaban mutanen nan biyu shi ne su gano gaskiya kafin dangin mijin su tsaya su rantse a kan yaron da bai ji ba bai gani ba. Kayan aikinsu kuwa na zamaninsu ne: maharbin da ya iya bin sawu, mai unguwa da ya san wanda ya shigo da dare, wanzamin da ya duba raunin, dillaliyar da aka kai wa zane ta sayar. Na kai babin shari'ar wurin wani dattijo da ya yi aikin kotu shekaru da dama, ya karanta ya gyara mana yadda ake gabatar da ƙara da yadda muhuti ke zama a gefen alkali.

Maganar mutanen cikin labari kuma muna barinta da ɗanɗanon ƙasar nan. Bayanin marubuciya yana tafiya a daidaitacciyar Hausa don a karanta a Kano da Zariya da Maraɗi, amma idan tsohuwa ta buɗe baki a Ƙaura, da harshen Zamfara take magana. Masu karatunmu na jin daɗin jin muryar kakanninsu a takarda.

Sauran aikin na kasuwa ne, kuma ba shi da daɗin faɗa. Idan mun gama shiri ƙanena ya tura wa maɗaba'a a Kano, mu zaɓi takarda gwargwadon aljihu, mu yi ciniki kan bango mai launi, wanda shi ke cin kuɗi. Bangon ma sai an tsaya a kansa, in ba haka ba mai zane zai ɗora hoton budurwa da jan baki da gashin kanti a littafin 1930. Kaya su biyo motar haya ta Funtuwa, zuciyata na kan hanya har su sauka, don kowa ya san halin da hanyoyinmu suka shiga. Da can ina aika littattafai kasuwannin mako na Shinkafi da Talata Mafara da Anka ba tare da tunani ba, yanzu sai na sami direban da na yarda da shi, wani lokaci kuma a haƙura. Ga masu ɗaukar hoton shafuka su watsa kyauta, waɗanda ba su san wahalar da aka sha ba.

Akwai lokacin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa a kan takarda. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro. Makonni aka yi babu kira babu WhatsApp. Matan da suka shekara ba su leƙo shago ba suka dawo neman abin karantawa, jakar Inna ba ta kwana da littafi. Na lura da abin da suka riƙa nema a sake ba su: labarai masu tsawo, masu sarƙaƙiya, waɗanda ake zama a yi gardama a kansu bayan sallar isha. Mutanen da ke kwana cikin zullumi suna son labarin da a ƙarshensa aka gano mai laifi, aka wanke wanda aka zalunta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin wanda aka ɗauke masa ɗan'uwa bai taɓa jin an gurfanar da kowa ba.

Abin da nake nema yanzu marubuta ne da za su waiwayi ƙasarmu, don filin a buɗe yake kuma ba a noma ba. Ga Surame, tsohon birnin Kanta Sarkin Kabi, da ganuwarta ta dutse. Ga Alkalawa, babban birnin Gobir, kafin faɗuwarta a 1808. Ga jajis na Nana Asma'u, matan da ke sa malfa suna ratsa ƙauyuka da waƙoƙin karantarwa, waɗanda babu gidan da ake hana su shiga. A ba ɗaya daga cikinsu wani sirri, a haɗa ta da manzon Gwandu da ba ya son tafiya da mace, ai littafi ya samu. Ga Argungu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato, aka yi masa bikin kamun kifi. Bakabe da Basakkwaciya waɗanda kakanninsu suka yaƙi juna, a ce wani abu ya ɓace a daren saukar baƙi kuma su biyu aka ɗora wa nemo shi kafin zance ya kai kunnen sarakuna. Duk wanda zai rubuta wannan ya fara zuwa gidan tarihi na Kanta a Argungu, ya zauna da masunta da tsofaffin fada, ya ji yadda ake kiran abubuwa, kafin ya ɗauki biro.

Littafin Ƙaura zai fito kashi biyu, ba huɗu ba, don ba na son a ja labarin bincike har ya saki. Za mu buga kaɗan tukuna, rabi na haya rabi na sayarwa, sannan yarinyar kanta, wadda Allah ya ba murya, ta karanta shi a naɗa domin waɗanda ba su yi boko ba. Marubuciyar ta riga ta fara tattara bayanai kan masu haƙar zinariya a ƙasar Anka a zamanin Turawa, ta ce ɗan dokan da matarsa suna da sauran aiki.