Yadda munka tada tsohuwar Land Rover don lakar fadama

Duk wanda ya kalli bidiyon tseren laka na Amurka, ƙarar inji ce ke zama mishi a kai. Motoci masu tayar tarakta, injin V8 na ihu, laka na tashi har ta rufe gilas, cikin 'yan daƙiƙu an tsallake rami an gama. Can wajensu abin ya daɗe, a garin Naples na jihar Florida tun 1949 suke tseren motocin fadama. Shi ya sa tun da samarin unguwarmu nan Birnin Kebbi sunka ji ina gyaran tsohuwar Land Rover ɗin kawuna don shiga laka, tambayarsu ɗaya ce, wane inji za ka sa mata? Ni kuma inji shi ne abu na ƙarshe da na taɓa a jikinta, kuma har gobe ina nan kan bakana, mai son tada tsohuwar mota don irin lakarmu ya fara duba ƙasanta kafin ya buɗe bonet.

Motar dai Series III ce, doguwar nan 109 (tazarar inci 109 tsakanin tayar gaba da ta baya), akori-kura. An yi ƙirar daga 1971 zuwa 1985, kuma har nan gida Najeriya kamfanin Leyland ya harhaɗa Land Rover a Ibadan, shi ya sa a da ko'ina ka duba ita ce, wajen 'yan sanda, ma'aikatan gona, malaman asibiti masu shiga ƙauye. Kawu a gwanjo ya saye ta, ta yi shekaru tana kwaso shinkafa daga fadama wajen Argungu kafin ta zauna ƙarƙashin dogon yaro a bayan gida awaki na kwana cikinta. 'Yan gwangwan sun yi ta zarya wai a sayar musu su auna a kilo, Kawu ya hana, Allah Ya saka mishi da alheri. Ranar da na je neman ta ce min ya yi, "Ɗauka, amma kar in ji ka yanka ta." Da wannan sharaɗin na ja ta zuwa gareji.

Abin da ke yaudarar mutane da Land Rover shi ne bodinta alminiyon ne, baya tsatsa, sai ka ganta tsaf fenti kawai ya koɗe ka ɗauka lafiya lau take, alhali shasin da ke ɗauke da ita baƙin ƙarfe ne kuma daga ciki yake ruɓewa. Wani dattijon makanike ne ya riƙe min aikin, mutumin da ya yi ƙuruciyarsa a kan irin motocin nan, Baba muke ce mishi. Bai ko kalli inji ba. Ƙaramar guduma ya ɗauka ya shiga ƙarƙashi ya kwanta kan kwali yana bin shasi taƙi bayan taƙi, inda ƙarfe ke da rai ka ji ƙarar ta fito tas, inda ya mutu ka ji dum, yana zuwa wurin sai ya ja layi da alli. Da ya kai ƙarfen baya mai gicciye guduma ta shige ciki gaba ɗaya, busasshiyar laka ta zubo mishi a fuska, lakar da ƙila ta fi ni shekaru. Ya fito yana karkaɗe gemu ya ce, "Yaro, ka ga abin da yac ci wagga mota. Laka ta shiga ta kwana ciki, ita ka riƙe ruwa har rani."

Nan mafi yawan kuɗina da lokacina sunka tafi kuma ban yi da-na-sanin ko kwabo ba. Munka ɗage bodi gaba ɗaya, anka yanke duk inda alli ya taɓa, ƙarfen baya, hannuwan da ke riƙe bodi, da wuraren da sifirin ke rataye, anka mayar da faranti mai kaurin mili 3. Na dage sai waldar lantarki, don waldar gas ta fanalbita tana da kyau a bodi amma ban yarda da ita ba a wurin da zai ɗauki nauyin mota in ta faɗa rami. Wurin ajiye ƙafa na direba shi ma ƙarfe ne, ya huje har kana hango ƙasa, anka sake shi. Duk inda alminiyon ya haɗu da baƙin ƙarfe za ka ga wani farin gari, cin juna suke in akwai laima, sai munka yanka tsohon tib munka sa tsakani. Daga ƙarshe munka buɗe ƙofofin da ruwa zai riƙa fita a ƙasan shasi munka ɗura tsohon baƙin mai a ciki.

Birki kuma duka ƙafa huɗu na ganga ne. An sake fayif da silinda da takalman birki, wannan ba wani labari. Abin sani kawai laka in ta shiga ganga tana cinye takalmi da sauri, dole bayan kowace fita a cire a wanke, kuma in ka fito daga ruwa kar ka yarda kana da birki sai ka ɗan tattaka shi kana tafiya a hankali ya bushe.

Inda na fi jin daɗin aikin shi ne hana ruwa shiga inda bai kamata ba, don nan ne ƙananan abubuwa masu arha ke ceton manyan kuɗi. A saman kowane aksul akwai wani ɗan noti mai numfashi. Aksul ya yi zafi a tafiya, ka tsunduma shi cikin ruwa mai sanyi, iskar ciki ta tsuke, to dole ta jawo wani abu ya cike gurbin, kuma abin da ke kusa shi ne ruwan laka. Da munka kwance notin zubar da mai na aksul ɗin gaba abin da ya fito fari-fari ne mai kauri kamar kunun gyaɗa, kuma irin wannan shi ke kashe boris da haƙoran giya shiru ba ka sani ba. Maganin ɗan siririn tiyo ne, ka ɗaura a wurin numfashin ka ja shi sama har kusa da gilas, aksul biyu da giyabos duka. Sai ƙwallayen nan masu sheƙi na ƙafar gaba inda taya ke juyawa, man giya mai lamba 90 ke zama cikinsu, in sun yi ƙuraje suna yaga sil mai ya tsiyaye laka ta maye gurbinsa, ɗaya munka goge ɗaya sai da anka nemo daga Panteka a Kaduna. Akwai kuma wata 'yar ƙofa a ƙasan gidan kuloci, masu ƙirar sun yi mata noti na musamman, za ka shiga ruwa ka ɗaura, ka fito ka kwance don man da ke ɗiga ya samu hanya. Mutane da yawa suna tuƙa motar nan shekaru ba su san da shi ba.

Hancin shan iska munka ɗaga shi da fayif ya bi gefen gilas har saman rufi, don ruwa baya matsuwa, in ya shiga silinda sandar fistin ce ke lanƙwashewa nan take. Distiributa kuwa Baba ne ya yi mata dabara. Safar hannu ta roba irin ta wanke-wanke ya aika anka sayo, ya huda kan kowane yatsa, wayoyin fulogi huɗu sunka bi yatsu huɗu, wayar koyil ta bi babban yatsa, ya kifa safar kan distiributa ya ɗaure bakin da wuyan kowane yatsa. Yatsu biyar, waya biyar. Fankar lagireto ma munka mayar da ita ta lantarki mai makunni a gaban direba, saboda ta asali in ta taɓa ruwa fesa shi take kan fulogi.

Maganar taya ita ce munka fi yin gardama da abokina mai Hilux. Shi yana son a ɗaga motar sama a sa mata manyan tayu masu faɗi irin na bidiyo. Ni kuma na san lakar fadamar Gulbin Rima, na taka ta da ƙafa tun ina yaro, samanta santsi ne da danƙo amma wurare da yawa in ka nutse kamu ɗaya za ka taras da ƙasa mai ƙarfi. Siririyar taya doguwa mai manyan haƙora yanka take ta sauka ta kama wannan ƙasar, kuma tazarar da ke tsakanin haƙoran ita ke sa ta tofar da laka in tana juyawa, in babu tazarar taya cikewa take ta koma sumul. Don haka na bar ta a lambarta ta asali, 7.50-16, na dai nemi mai zanen laka. Sannan akwai lissafin ƙarfe, aksul ɗin baya na 109 irin Salisbury ne, mai ƙarfi ne ƙwarai, amma shaf ɗin gaba siriri ne mai tsaga 10, ka ɗora mishi ƙatuwar taya tana juyawa a banza ta zo ta kama ƙasa farat ɗaya, ƙas za ka ji, shi ke nan ka koma mai jan ƙafa biyu a tsakiyar rami. Iska ina rage ta zuwa geji 18 ko 20 in za mu shiga, bana yin ƙasa da haka don tayar mai tib ce, in ta zame kan rim tana tsinke bakin tib. Wasu sun ce in sa a yi wa giyar aksul ɗin baya walda ta yadda tayu biyu za su riƙa juyawa tare. A cikin rami yana aiki, gaskiya ne, amma motar nan ina so ta ci gaba da ɗauko buhun shinkafa ta hau kwalta ta sha kwana lafiya, na ƙi.

To inji. Na asali ne, silinda huɗu, 2286cc, ƙarfin doki wajen 70, kuma shi na bari. An sa ringi, an gyara bawul, an wanke kafireto, ya tashi yana bugawa a natse. Masu cewa in sa V8 ko 1HZ na Land Cruiser mai silinda shida ba sa lissafa nauyin da za su ɗora wa hancin mota, kuma a laka hanci mai nauyi shi ke fara nutsewa, ga giyabos ɗin Series ba a yi shi don irin wannan ƙarfin ba. Motar duka wajen tan ɗaya da rabi take, rashin nauyin nan shi ne arzikinta. Ƙarfin da take buƙata yana cikin ƙaramar giya, ka danna sanda mai rawayan kai ƙasa ƙafa huɗu su ja, ko ka jawo mai jan kai baya ta koma giyar ƙarfi, ka sa lamba biyu, ka riƙe totur wuri ɗaya, ƙafarka ta bar kuloci, kana ɗan kaɗa sitiyari dama da hagu gefen taya na neman abin kamawa. Irin wannan Series III ɗin, gajerarta 88, ita ta yi gasar ratsa daji da mota ta Camel Trophy ta 1983 a dazukan Zaire, Kongo ta yanzu. Aibin injin ɗaya ne kuma babba ne, shan fetur, tun da anka cire tallafi a 2023 kowace fita sai na yi lissafi. In Allah Ya haɗa ni da injin Land Rover 200Tdi mai lafiya zan sa, don na gas ne wato dizal, babu fulogi balle ruwa ya dame shi, kuma nauyinsa bai yi nisa da wannan ba.

Inda muke wasan wani tsohon rami ne a bayan gari da masu aikin hanya sunka ɗebi ƙasa, damina na cika shi, kuma sai da munka nemi izinin mai filin da mai gari. Gonar shinkafar mutum ba wurin gwada mota ba ce, a Kebbi wannan shinkafar ita ce abincin gida da kuɗin makarantar yara, kuma sawun taya ɗaya na iya fasa kunyar da mutum ya yi sati yana ɗaurawa. Duk wanda zai zo cikinmu wannan sharaɗin ya fara ji. Na biyu yara, don da sun ji ƙara suke cika bakin rami, dole a ja igiya a sa manya biyu su tsare su nesa, musamman lokacin jan motar da ta kafe. Igiyar ja a shasi ake ɗaura ta, ba a bamba ba, ƙarfen da ya ɓalle a wannan lokacin yana iya kashe mutum. Ni na sa an lanƙwasa min baƙin fayif mai kauri a bayan kujera an kafa shi a shasi, da bel na kowa, kafin ta taɓa laka.

Fitarmu ta farko bayan ruwa ya zauna, Hilux ta riga ni isa tsakiya da gudu, ta zauna kan cikinta tayu na fesa laka a banza. Tawa ta shiga a lamba biyu tana gurnani, laka ta kai rabin ƙofa, na ji bayanta ya ɗan zame sannan ya kama, ta haura ɗaya gefen ba ta ko yi tari ba. Munka juyo munka ɗaura igiya munka fito da abokina, yana saukowa ya ce, "Malam, gobe ka raka ni wajen mai tayar nan taka."

Burina abin ya wuce ramin bayan gari. Bikin kamun kifi na Argungu tun 1934 ake yinsa, kuma a 2020 da anka dawo da shi an yi tseren motoci daga Abuja har Argungu, to me zai hana a ware fili guda a jiƙa shi da injin ban ruwa irin wanda kowane manomin fadama ke da shi, tunda bikin da rani yake zuwa, a bar tsofaffin Land Rover da Land Cruiser da ke kwance a bayan gidaje daga Jega har Yauri su fito. Kanikawan da sunka san su suna nan da ransu amma tsufa na kama su, yaran garejin Baba sai a kan motar nan sunka fara ganin yadda ake saita birkin ganga da sifana.

Abin da ya rage min yanzu winci ne, injin jawo mota da igiya in ta kafe. A bayan ƙaramin giyabos akwai murfin da anka tanada don injin ja mai aiki da ƙarfin mota, shi nike nema ba na batir ba, na sa a duba min Ƙofar Ruwa a Kano, in ba a samu ba sai Ladipo a Legas, kuma ina so a ɗaura shi kafin markar watan Agusta, lokacin da ramin ke cika har ruwa ya kai bonet.