Kada ka hau Dutsen Adamu a daren sha huɗu ga wata

Kwana shida muka ware wa tsaunukan Sri Lanka, kuma ukun farko lafiya lau. A Dambulla, kogon dutse biyar ne cike da gumakan Buddha, ana cire takalmi a rufe gwiwa da kafaɗa, don haka ka riƙe safa mai kauri, dutsen yana ƙona ƙafa da rana. Sigiriya, tsohuwar fadar sarki a kan dutse, matakala wajen 1,200 ce, a hau da sassafe. Daga Kandy muka shiga jirgin ƙasa zuwa Hatton, sai mota zuwa ƙauyen Nallathanniya, gindin Sri Pada, wato Dutsen Adamu.

Dutsen ne dalilin tafiyar. Tsawonsa mita 2,243, a ƙololuwarsa akwai sawun da mabiya Buddha ke cewa na Buddha ne, Hindu su ce na abin bautarsu Shiva, Musulmin can kuma su ce na Annabi Adamu. Ibn Baɗuɗa ya hau shi a 1344. Matakala kusan 5,500 ce, lokacin ziyara daga Disamba zuwa Mayu, sannan ne ake kunna fitilun hanya, masu shayi su buɗe. Ƙa'idar ita ce a tashi ƙarfe 2 na dare, a yi awa uku zuwa huɗu, a riski fitowar rana a sama.

Ƙarfe 2 ɗin muka tashi. Wata ne ban duba ba. Duk ranar da wata ya cika hutu ne a ƙasar, Poya suke ce mata, kuma a daren dubban masu ziyara ke tururuwa dutsen. Abin da ke ci min rai shi ne lissafin nan a hannunmu yake: sha huɗu ga watan Musulunci, ko kwana ɗaya gaba ko baya.

Matsalar a sama take, inda matakalar ta tsuke tsakanin ƙarafan riƙewa. Wajen huɗu da rabi muka cije a layi, taki uku sai tsayuwar minti goma. Gumi ya huce a jiki, iska ta shiga, rigar sanyi ɗaya ba ta wadatar ba. A gabana wata tsohuwa ce cikin fararen kaya, ba takalmi, jikanta na riƙe da hannunta, ba ta ko yi tsaki ba. Daren ibadarsu ne, mu ne muka zo a kuskure. Asuba a gefen rumfar mai shayi muka yi ta. Sai bayan takwas muka kai, inuwar dutsen mai kusurwa uku da ke shimfiɗuwa a kan hazo da fitowar rana ta daɗe da ɓacewa.

Saukowa ta fi cin gwiwa, ka nemi sanda. Jinkirin ya sa jirginmu na zuwa garin Ella ya wuce, da kujerun da muka kama tun kwana 30 kafin nan. Washegari a tsaye muka ratsa gonakin shayin Nanu Oya, mata na tsinkar ganye biyu da toho, ƙafafuna na rawa. Hawan Dutsen Ella muka soke shi.

Ka sa Sri Pada a ƙarshen tafiyarka, tsakiyar mako, nesa da cikar wata, da busasshiyar riga a jaka wadda za ka sauya a sama.