Sa'a da Haɗin Kai a Gasar Ƙwallon Kwando ta Jami'o'in Amurka

Duk shekara idan watan Maris ya kama, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, wato NCAA, takan buɗe gasar ƙwallon kwando ta maza, kuma cikin kimanin mako uku ake tankaɗe da rairaya har a fitar da zakara. An fara gasar a 1939 da ƙungiyoyi 8, aka faɗaɗa ta zuwa 64 a 1985, sannan ta kai 68 a 2011. Tsarinta sili-ɗaya-ƙwale ne: wasa ɗaya na minti 40, wanda aka doke ya tattara kayansa ya koma makaranta, ko da kuwa shi ya fi kowa ƙarfi tun daga watan Nuwamba. A gasar ƙwararru ta NBA sai ƙungiya ta ci wasa huɗu cikin bakwai kafin ta fitar da abokiyar karawarta, saboda haka mai ƙarfi yana da damar gyara kuskurensa. A nan babu wannan rangwame, shi ya sa muhawarar sa'a da haɗin kai ba ta taɓa mutuwa a tsakanin masu bin gasar.

Ni ina cikin masu ganin cewa sa'a tana da babban kaso a wannan gasa, kuma duk wanda ya musanta haka bai yi lissafi ba. A ƙaddara cewa ƙungiya ta yi ƙarfin da a kowane wasa tana da damar nasara kashi 80 cikin ɗari. Kafin ta ɗaga kofi sai ta ci wasa shida a jere, kuma idan aka ninka wannan dama sau shida, abin da yake ragewa bai wuce kashi 26 ba. Ke nan ƙungiyar da ta fi kowa, a mafi yawan shekaru, ba ita ce za ta ɗauki kofin ba. Tarihi ya gaskata lissafin. Tun da Indiana ta kammala kakar 1976 ba tare da an doke ta ba, babu wadda ta sake yin haka. UNLV, wato Jami'ar Nevada da ke Las Vegas, ta zo zagayen kusa da na ƙarshe a 1991 da nasara 34 a jere, Duke ta fitar da ita da ci 79 da 77, alhali shekara guda kafin nan ta lallasa Duke ɗin da ci 103 da 73 a wasan ƙarshe. Kentucky ta ci wasa 38 a 2015 kafin Wisconsin ta tare mata hanya, Gonzaga kuma ta ci 31 a 2021 kafin ta sha kashi a hannun Baylor a daren ƙarshe.

Sa'ar ma iri-iri ce. Akwai ta jadawali, domin wata ƙungiyar takan tarar an riga an share mata manyan abokan hamayya kafin ta iso gare su. Akwai ta lafiya: a 2000 Cincinnati tana kan gaba a ƙasar baki ɗaya lokacin da gwarzonta Kenyon Martin ya karye a ƙafa kwanaki kaɗan kafin gasar, kuma ba ta wuce zagaye na biyu ba. Akwai ta busar alƙalin wasa, da ta ƙeta, tun da ɗan wasan da ya yi ƙeta biyar fita yake yi, kuma biyu a farkon wasa sun isa su zaunar da tauraro a benci har hutun rabin lokaci. Babbar cikinsu kuwa ita ce ta hannu, wato daren da ƙwallo take faɗawa kwando ko ta yaya aka jefa ta, da daren da take ƙi.

Sai dai inda nake rabuwa da masu cewa sa'a ta fi manyan kaya shi ne idan aka matso kusa aka dubi waɗannan darare ɗaya bayan ɗaya. A ɗauki wasan ƙarshe na 1985, wanda aka fi kafa hujja da shi. Villanova, mai lamba ta 8 a rukuninta (ana raba ƙungiyoyin rukuni huɗu, a jera su daga lamba ta 1 mafi ƙarfi zuwa ta 16), ta doke Georgetown mai riƙe da kofi, ƙungiyar shahararren ɗan wasa Patrick Ewing, da ci 66 da 64. Jifa 28 kawai 'yan Villanova suka yi a cikin wasa, 22 suka shiga, kuma bayan hutu ɗaya tal suka zubar cikin goma. Babu ƙungiyar da za ta iya yin alƙawarin irin wannan dare, wannan gaskiya ne. Amma a lura da adadin jifan. A lokacin ba a fara amfani da agogon da yake ƙayyade daƙiƙun kai hari a gasar ba, sai kocinsu Rollie Massimino ya sa suka riƙa riƙe ƙwallo, suna miƙa wa juna, ba mai jefawa sai wanda ya sami sarari. Sun san Georgetown ciki da bai, domin sun kara da ita sau biyu a kakar, ta kuma doke su duka biyun. Sun rage yawan hare-hare da gangan, saboda sun fahimci cewa idan wasa ya yi tsawo mai ƙarfi ne yake rinjaye, idan kuwa ya gajarta komai yana iya faruwa. Wannan dabara ba ta yiwuwa sai mutum biyar sun yarda su danne son burgewa na tsawon minti 40, a gaban idon ƙasa baki ɗaya. Duk da wannan kyawun hannu da ba a taɓa ganin irinsa ba, da maki biyu kacal suka tsira.

Labarin da ya fi zama mini a rai shi ne na Virginia, domin a cikin wata goma sha uku ta ɗanɗana fuskokin abin guda biyu. A Maris na 2018 ta shiga gasar a matsayin ta ɗaya a ƙasar, sai UMBC, wata jami'a a jihar Maryland mai lamba ta 16, ta doke ta da ci 74 da 54, karo na farko ke nan a tarihin gasar maza da ta 16 ta fitar da ta 1. An tafi hutu 21 da 21, bayan an dawo hannun 'yan UMBC ya buɗe, Jairus Lyles ya tashi da maki 28. Virginia ta buga ba tare da De'Andre Hunter ba, wanda ya ji rauni a wuyan hannu daf da fara gasar, kuma salon kocinta Tony Bennett na tafiyar hawainiya, wanda ya ci mata wasanni da yawa, shi ne ya hana ta hanzarin rama maki da aka tsere mata. An yi musu dariya iya dariya. Abin da ya burge ni shi ne ƙungiyar ba ta watse ba, Kyle Guy da Ty Jerome da Hunter duk suka dawo, kocin kuma bai sauya aƙidarsa ta wasa ba.

A 2019 suka haɗu da Purdue a wasan neman shiga huɗun ƙarshe, daren da Carsen Edwards ya zuba musu maki 42. Saura daƙiƙa 5.9 ana binsu maki uku, Jerome ya tsaya a layin jifan kyauta, ya ci na farko, na biyu ya ƙi shiga. Mamadi Diakite na Virginia, ɗan ƙasar Gini, ya doki ƙwallon da ta dawo, ta yi nisa har ta haye tsakiyar fili. Kihei Clark, ɗan shekarar farko kuma mafi gajarta a cikinsu, ya bi ta a guje ya kamo. A wannan matsayi, yawancin matasa jefawa za su yi daga inda suke, su bar wa Allah sauran. Shi kuwa ya ɗaga kai, ya hango Diakite kusa da kwando, ya aika masa da ita da hannu ɗaya, Diakite ya saka ta kafin ƙarar agogo. Aka tashi 70 da 70, Virginia ta yi nasara a ƙarin lokaci. Inda ƙwallon ta faɗa bayan an doke ta, sa'a ce tsantsa. Amma ɗaga kan da Clark ya yi, da tsayuwar Diakite a inda za a iya samunsa, waɗannan abubuwa ne da ake ginawa a atisaye na wata da watanni, har ɗan wasa ya san inda ɗan'uwansa yake ba tare da dogon tunani ba.

Ba zan ɓoye cewa wasan da ya biyo baya ya fi karkata ga masu hujjar sa'a ba. Da Auburn, alƙalai ba su ga laifin da Jerome ya yi wajen tafiya da ƙwallo a daƙiƙun ƙarshe ba, sannan aka yi wa Guy ƙeta yana jifan maki uku saura ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ya ci duka ukun, aka tashi 63 da 62. Da an busa wancan laifi, da wataƙila yau labarin Virginia na ƙungiyar da ta kasa ne har sau biyu. A wasan ƙarshe ma sai da Hunter ya farke da jifan maki uku a ƙurarren lokaci kafin su doke Texas Tech da ci 85 da 77 a ƙarin lokaci. Mutanen da aka kira ragwaye a 2018 su ne aka kira jarumai a 2019, kuma ban yarda cewa halinsu ya sauya haka cikin shekara guda ba. Wannan ne yake damuna da yadda ake yanke wa matasa 'yan shekara ashirin hukunci da dare ɗaya. Gordon Hayward na Butler ya jefa ƙwallo daga tsakiyar fili a daƙiƙar ƙarshe ta wasan ƙarshe na 2010, ta bugi allo, ta bugi bakin kwando, ta fito, Duke ta ɗauki kofi da ci 61 da 59. Tazarar ɗan yatsa ce ta raba, amma ƙaramar jami'ar nan ta sake dawowa wasan ƙarshe a 2011 bayan Hayward ya tafi NBA, kuma ba a zuwa wurin sau biyu a jere da katari kawai.

Idan aka ja da baya aka dubi shekaru da yawa a tare, rawar sa'a sai ta ragu ƙwarai. Tun daga 1985, fiye da rabin kofunan ƙungiyoyi masu lamba ta 1 ne suka ɗauka, kuma babu wadda ta yi ƙasa da lamba ta 8 da ta taɓa zama zakara. George Mason a 2006, VCU a 2011 da Loyola Chicago a 2018 duk sun kai huɗun ƙarshe da lamba ta 11, nan kuma tafiyarsu ta tsaya. Sa'a tana iya ba ƙaramar ƙungiya dare ɗaya ko biyu, kamar yadda Fairleigh Dickinson, mafi gajerun 'yan wasa a rukunin manyan jami'o'i, ta fitar da Purdue mai Zach Edey ɗan mita 2.24 a 2023, bayan ita kanta ta sami gurbi ne kawai don Merrimack da ta doke ta a wasan neman gurbin ba ta cika sharaɗin shiga gasar ba. Amma dare shida a jere ya fi ƙarfin sa'a.

UConn, wato Jami'ar Connecticut, ta 2023 da 2024 ita ce ta nuna iyakar abin da haɗin kai zai iya yi. Ta buga wasa 12 a gasannin biyu, kuma babu ko ɗaya da ta ci da tazarar da ta gaza maki 13. Busa ɗaya ko ƙwallo ɗaya da ta ƙi shiga ba ta da tasiri a kan wanda ya riga ya ba da irin wannan rata. Abin lura shi ne uku daga cikin biyar ɗin da suke fara mata wasa sun tafi bayan kofin farko, ciki har da Adama Sanogo ɗan Mali, amma tsarin kocinta Dan Hurley na yawan motsi ba tare da ƙwallo ba, da tare wa juna hanya, da miƙa ƙwallo ga wanda ya fi sarari, ya ci gaba da aiki da sababbin hannaye. Florida ta 2006 da 2007 ta bi wata hanyar: biyar ɗinta na farko, da Joakim Noah da Al Horford a ciki, suka zaɓi su dawo tare maimakon tafiya neman kuɗi a NBA, suka kuma maimaita nasarar.

Irin wannan zama tare yana ƙara wuya yanzu. Tun 2021 aka sassauta dokar sauya makaranta, aka kuma ba 'yan wasa damar samun kuɗi da sunansu, abin da nake ganin haƙƙinsu ne, amma ya sa koci yakan wayi gari da rabin ƙungiya sabuwa kowace kaka. Da farko na ɗauka wannan zai buɗe wa sa'a ƙofa, sai ga shi a 2025 ƙungiyoyi huɗu masu lamba ta 1 ne suka kai huɗun ƙarshe, abin da sau ɗaya kawai ya taɓa faruwa, a 2008. Florida da ta ɗauki kofin ta dogara ne da Walter Clayton da ya zo daga Iona, da Will Richard daga Belmont, da Alijah Martin daga Florida Atlantic, manyan ɗalibai da suka ga jiya suka ga yau, waɗanda suka koyi juna cikin gajeren lokaci. A wasan ƙarshe Houston ta ba su ratar maki 12 bayan hutu, tauraronsu Clayton bai ci ko maki ɗaya ba kafin hutun, Richard ne ya riƙe su. A harin ƙarshe, Florida tana gaba da maki biyu, Emanuel Sharp na Houston ya tashi zai yi jifan maki uku, Clayton ya taso masa, Sharp ya saki ƙwallon a ƙasa ba tare da ikon sake taɓa ta ba, Alex Condon ya faɗa a kanta, lokaci ya cika ana 65 da 63, Houston ba ta ma sami damar jefawa ba.